Dokar Ohm da lissafin ƙarfin lantarki

Dokar Ohm doka ce a ilimin fiziks da ke bayyana dangantakar abubuwa uku da ake aunawa a da'irar lantarki, wato bolteji, kwarara da turjiya. Dokar ta ce kwararar lantarki a cikin waya tana ƙaruwa daidai gwargwadon ƙaruwar boltejin da aka ɗora mata, muddin zafin wayar bai canja ba. An sa mata sunan Georg Simon Ohm, malamin lissafi da fiziks ɗan ƙasar Jamus, wanda ya wallafa ta a shekarar 1827. Idan aka haɗa dokar da ƙa'idar ƙarfin aiki, duk wanda ya san bolteji da kwarara zai iya gano turjiyar na'ura da kuma wat nawa take ci, da rabawa ɗaya da ninkawa ɗaya.

Ana koyar da wannan lissafi a ajujuwan babbar sakandare a Najeriya, kuma yana fitowa a jarrabawar fiziks ta WAEC da NECO da JAMB. A wajen aji ma, da shi ake zaɓen kaurin waya da girman fis, ake sanin kayan da janareta zai iya ɗauka, ake kuma ƙiyasta awa nawa batirin sola zai kai kafin ya sauka. Kuskure a cikinsa yakan jawo asarar kuɗi, ƙonewar kaya, gobara, wani lokaci har da rasa rai.

Ma'anar kalmomi

Bolteji shi ne matsin da ke tura lantarki daga wani wuri zuwa wani. Alamarsa V, ana auna shi da bolt. Batirin tocila yana da bolt 1.5, batirin mota bolt 12, wutar da ake kai wa gidaje a Najeriya kuwa bolt 230 ce a ƙa'ida.

Kwarara ita ce yawan cajin lantarki da ke wucewa ta cikin waya a daƙiƙa ɗaya. Alamarta I, ana auna ta da amfiya, alamar ma'aunin kuma A. Amfiya ɗaya tana da miliamfiya 1,000.

Turjiya ita ce yadda abu yake hana lantarki wucewa ta cikinsa. Alamarta R, ana auna ta da om, wanda ake rubutawa da harafin Girkanci Ω. Tagulla da alminiyam suna da ƙarancin turjiya, shi ya sa ake yin waya da su. Roba da gilashi da busasshen itace suna da turjiya mai yawan gaske, shi ya sa ake rufe waya da roba.

Ƙarfin aiki shi ne saurin da na'ura take mayar da makamashin lantarki ya koma zafi, haske ko motsi. Alamarsa P, ana auna shi da wat, alamar ma'aunin W. Wat 1,000 shi ne kilowat ɗaya, wat miliyan ɗaya kuma megawat ɗaya.

Ana yawan kwatanta waɗannan abubuwa da tankin ruwa na rijiyar burtsatse. Tsayin da aka ɗora tankin a kai shi ne kamar bolteji, domin iya tsayinsa iya matsin ruwan. Yawan ruwan da ke fitowa ta famfo shi ne kwarara. Ƙuncin bututu da tsawonsa su ne turjiya. Idan aka ƙara tsayin tanki ruwa zai ƙaru, idan aka sa siririn bututu ruwa zai ragu.

A Hausar yau da kullum, "ƙarfin wuta" yana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. Idan aka ce wuta ba ta da ƙarfi, domin ƙwai ya dushe ko fanka tana juyawa a hankali, yawanci bolteji ne ya sauka. Idan aka ce janareta ba shi da ƙarfin ɗaukar dutsen guga, wat ake nufi. Idan aka ce wata na'ura tana jan wuta da yawa, kwarara ake nufi. A lissafi dole a raba waɗannan ukun, kowanne da sunansa da ma'auninsa.

Tarihi

A 1800 ne Alessandro Volta ɗan ƙasar Italiya ya ƙera batir na farko, wanda ya ba masu bincike damar samun lantarki mai gudana ba tsayawa. Tun kafin nan, a 1781, Henry Cavendish a Ingila ya yi gwaje-gwajen da suka kai shi kusa da wannan doka. Ba shi da na'urar auna kwarara, don haka jikinsa ya mayar ma'auni, yana kwatanta zafin jan da wutar take masa. Bai wallafa sakamakon ba, sai a 1879 James Clerk Maxwell ya fitar da takardunsa.

An haifi Georg Ohm a garin Erlangen ranar 16 ga Maris, 1789. Mahaifinsa maƙerin makullai ne da ya koya wa kansa lissafi, ya kuma koyar da 'ya'yansa. Daga 1817 Ohm ya zama malamin makaranta a birnin Kolon, inda ya samu ɗakin gwaji. Batiran wancan zamani ba su da tabbas, ƙarfinsu yakan sauka ana cikin gwaji. Sai ya koma amfani da haɗin ƙarafa biyu, tagulla da bismut, ya sa mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗaya a ƙanƙara. Wannan ya ba shi bolteji tsayayye. Ya riƙa sauya wayoyi masu tsayi da kauri daban-daban yana auna kwararar da allurar maganaɗisu, har ya gano tsarin da lambobin suke bi.

Littafinsa mai suna Die galvanische Kette, mathematisch bearbeitet ya fito a Berlin a 1827. Da farko manyan masana na ƙasarsa ba su karɓe shi hannu biyu ba, har ya bar aikinsa na Kolon ya yi shekaru ba shi da tsayayyen muƙami. A 1833 ya samu koyarwa a kwalejin fasaha ta Nuremberg. A 1841 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da ke Landan ta ba shi lambar yabo ta Copley. Ya zama farfesan fiziks a Jami'ar Munik a 1852, ya rasu a can ranar 6 ga Yuli, 1854.

Ɓangaren ƙarfin aiki ya samo asali daga binciken James Prescott Joule na Ingila, wanda a wajen 1840 zuwa 1841 ya nuna cewa zafin da waya take fitarwa ya dogara ga turjiyarta da kuma kwarara idan aka ninka ta a kanta. A taron masana lantarki na duniya da aka yi a birnin Faris a 1881 aka amince da bolt, amfiya da om a matsayin ma'aunai. Amfiya ta ɗauki sunan André-Marie Ampère na Faransa, wat kuma sunan James Watt, injiniya ɗan Sikotland.

Ƙa'idojin lissafi

Dokar Ohm tana da fuska uku, duk magana ɗaya ce:

V = I × R
I = V ÷ R
R = V ÷ I

Ƙa'idar ƙarfin aiki ita ce:

P = V × I

Idan aka cire V daga wannan aka sa I × R a gurbinsa, sai a samu P = I × I × R, wanda ake rubutawa P = I²R. Idan kuma aka cire I aka sa V ÷ R, sai a samu P = V² ÷ R. Ke nan abubuwa huɗu ne, V, I, R da P, kuma sanin kowane biyu ya isa a fitar da sauran biyun.

Kafin a fara lissafi sai an mayar da kowace lamba zuwa ma'auninta na asali. Miliamfiya 500 amfiya 0.5 ce, kilowat 2 wat 2,000 ne, kilo-om 4.7 om 4,700 ne.

Misalai

Misali na ɗaya. An haɗa fitila da batir mai bolt 12, aka auna kwarara aka samu amfiya 2. Turjiyar fitilar ita ce 12 ÷ 2 = om 6. Ƙarfin aikinta 12 × 2 = wat 24. Ana iya tabbatar da amsar ta wata hanyar: 2 × 2 × 6 = 24.

Misali na biyu. Cajar waya da aka rubuta mata bolt 5 da amfiya 2 tana iya ba da 5 × 2 = wat 10.

Misali na uku. Dutsen guga an rubuta masa wat 1,000 a bolt 230. Kwararar da yake ja ita ce 1,000 ÷ 230, kimanin amfiya 4.35. Turjiyarsa 230 × 230 ÷ 1,000 = om 52.9.

Misali na huɗu. Wuta ta sauka daga bolt 230 zuwa 180, kamar yadda yakan faru a unguwar da taransifoma ɗaya ta ɗauki gidaje fiye da ƙima. Turjiyar dutsen gugar nan kusan tana nan yadda take, don haka ƙarfin aikinsa ya zama 180 × 180 ÷ 52.9, kimanin wat 612. Bolteji ya ragu da kashi 22 cikin 100 kawai, amma zafin dutsen ya ragu da kusan kashi 39. Wannan ne dalilin da ya sa saukar wuta kaɗan take sa hita ta daɗe ba ta tafasa ruwa ba.

Turjiyar waya

Wayar da ke kai wuta ita ma tana da turjiya, ko da kaɗan ce. Abubuwa huɗu ne suke ƙayyade ta: irin ƙarfen, tsawon wayar, kaurinta da zafinta. Idan aka ninka tsawo sau biyu, turjiya ta ninka sau biyu. Idan aka ninka faɗin bakin waya sau biyu, turjiya ta koma rabi.

Masu haɗa wuta a Najeriya suna kiran waya da faɗin bakinta a milimita murabba'i, kamar 1.5, 2.5, 4 da 6. Wayar tagulla mai faɗin milimita murabba'i ɗaya da tsawon mita ɗaya tana da turjiya kimanin om 0.017. Don samun turjiyar kowace wayar tagulla, sai a ninka wannan lamba da tsawo, a raba da faɗin baki. Turjiyar alminiyam ta fi ta tagulla da kusan kashi 60 cikin 100, saboda haka wayar alminiyam sai ta fi kauri kafin ta yi aikin da ta tagulla take yi. Ana amfani da alminiyam a manyan layuka domin ya fi sauƙin nauyi da araha.

Zafi ma yana ƙara turjiyar tagulla da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri ɗaya. Wayar da zafinta ya tashi daga digiri 20 zuwa 60 turjiyarta za ta ƙaru da kusan kashi 16. A jihar Katsina, inda zafin bazara yakan kai digiri 40 a inuwa, wayar da aka bi da ita ƙarƙashin rufin kwano tana fara aiki ne da zafinta tun kafin wuta ta bi ta.

Misali da wutar sola a karkara

A garuruwan karkara na yammacin jihar Katsina, irin su Tsaskiya da ke ƙaramar hukumar Safana da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita ta wajen Batsari, faifan sola da batir mai bolt 12 suna cikin hanyoyin da ake samun hasken dare da cajin waya. A irin wannan ƙaramin bolteji ne turjiyar waya ta fi yin ɓarna, kuma lissafi yana nuna dalili.

A ɗauka mai shagon cajin waya a Tsaskiya yana da batir mai bolt 12, kuma fitilu, fanka da cajojinsa suna jan jimillar wat 120 daga batirin. Kwararar ita ce 120 ÷ 12 = amfiya 10. A ce ya ajiye batirin a wani ɗaki mai nisan mita 10 daga shagon, ya ja wayar tagulla ta 1.5. Tunda wuta tana zuwa ta dawo, tsawon da za a lissafa mita 20 ne. Turjiyar wayar ita ce 0.017 × 20 ÷ 1.5, kimanin om 0.23.

Boltejin da zai salwanta a hanya shi ne 10 × 0.23 = bolt 2.3, don haka abin da zai isa shago bai kai bolt 10 ba. Ƙarfin da zai koma zafi a cikin wayar shi ne 10 × 10 × 0.23 = wat 23. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da batirin ya fitar ya tafi wajen ɗumama waya. Mai shagon zai ga fitila ta dushe, batir yana saurin sauka, ya zaci batirin ne ya mutu, alhali matsalar a waya take.

Hanyoyin gyara uku ne. Ta farko, a matso da batirin kusa: idan nisan ya koma mita 2, asarar za ta koma ƙasa da wat 5. Ta biyu, a ƙara kaurin waya: da waya ta 6 turjiya za ta sauka zuwa kimanin om 0.057, asarar ta koma ƙasa da wat 6. Ta uku, a ɗaga bolteji: idan aka haɗa batir biyu a jere suka ba da bolt 24, kuma kayan masu karɓar bolt 24 ne, wat 120 zai buƙaci amfiya 5 kacal, asarar a tsohuwar wayar ta zama 5 × 5 × 0.23, wato ƙasa da wat 6. Ninka bolteji sau biyu ya yi daidai da ninka faɗin waya sau huɗu.

Da a ce wat 120 ɗin a bolt 230 ya bi wannan wayar ta 1.5, kwararar amfiya 0.52 ce kawai, asarar kuma ba za ta kai kashi ɗaya cikin goma na wat ɗaya ba. Shi ya sa wayar da ta wadatar a haɗin wutar gida takan gaza idan aka sa ta tsakanin batir da inbata. Inbata mai ba da wat 1,000 daga batir mai bolt 12 tana jan fiye da amfiya 80.

Dalilin ɗaga bolteji a manyan layuka

Wannan hujja ɗaya ce ta sa ake tura wuta daga tashoshin samar da ita a bolteji mai yawan gaske. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968, mai ƙarfin megawat 760, da ta Shiroro mai megawat 600, duk suna da nisan ɗaruruwan kilomita daga Katsina. Kamfanin TCN yana jigilar wutar a kilobolt 330 da 132. Babbar tashar Kumbotso a Kano tana karɓar ta a kilobolt 330, daga nan layin kilobolt 132 ya nufi Katsina. Kamfanin KEDCO, wanda yake raba wuta a jihohin Kano, Katsina da Jigawa tun bayan sayar da kamfanonin rabon wuta a Nuwamba 2013, yana rarraba ta a kilobolt 33 da 11. Taransifomar unguwa ce take sauke ta zuwa boltejin da gidaje suke amfani da shi.

A sauƙaƙe lissafin, a ce ana son tura megawat 10, wato gwargwadon abin da aka tsara tashar wutar iska ta Lambar Rimi a jihar Katsina ta samar, ta layin da turjiyarsa om 10 ce. A kilobolt 33 kwararar kimanin amfiya 303 ce, asarar kuma 303 × 303 × 10, kusan kilowat 920. A kilobolt 132 kwararar ta koma kimanin amfiya 76, asarar kuma ba ta kai kilowat 60 ba. An ninka bolteji sau huɗu, asara ta ragu sau goma sha shida. Layukan gaskiya masu waya uku ne kuma lissafinsu ya ɗan bambanta, amma dangantakar ita ce wannan.

Haɗin jere da haɗin reshe

A haɗin jere, abubuwa suna bin juna a hanya ɗaya, kwarara ɗaya ce ke ratsa su duka, kuma ana tara turjiyarsu. Om 6 da om 3 a jere sun zama om 9. A haɗin reshe, kowane abu yana da tasa hanya, duka suna samun bolteji ɗaya, kuma kwararar ce ake tarawa. Ga abubuwa biyu, sai a ninka turjiyoyin a raba da jimillarsu: 6 × 3 ÷ 9 = om 2. Jimillar turjiya a haɗin reshe kullum tana ƙasa da mafi ƙanƙanta a cikinsu.

Wutar gida haɗin reshe ce. Duk na'urar da aka ƙara kunnawa tana rage jimillar turjiyar gidan, ta ƙara kwararar da ke bin babbar waya.

Wat da yunit

Wat saurin cin makamashi ne, ba yawansa ba. Yawan makamashi shi ne wat sau awannin aiki. Yunit ɗin da ake saye a mitar kati kilowat ɗaya ne na tsawon awa ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 yana cinye yunit ɗaya a awa ɗaya idan bai yanke ba. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 da ake kunnawa awa 6 kullum yana cin 60 × 6 × 30 ÷ 1,000 = yunit 10.8 a wata. Ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensa ya yi kusa da na wancan, yunit 1.62 yake ci.

Ana rubuta girman batir da amfiya-awa. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da 12 × 100 = wat-awa 1,200. Batirin dalma yakan yi saurin lalacewa idan ana zuƙe shi ƙarƙaf, don haka ake ba da shawarar a tsaya a wajen rabi. Wat-awa 600 za su riƙe kayan wat 120 na tsawon awa 5.

Fis, gobara da jan wuta

Filogi mai ƙafa uku irin na Birtaniya, wanda ake amfani da shi a Najeriya, yana zuwa da fis da ba ya wuce amfiya 13. A bolt 230 wannan ya ba da 13 × 230 = wat 2,990. Idan aka jona dutsen guga mai wat 1,000, butar lantarki mai wat 2,000 da hita mai wat 1,500 a soket ɗaya, jimillar wat 4,500 ce, kwararar kuma ta kusa amfiya 20. Aikin fis shi ne ya narke ya yanke wutar kafin waya ta yi zafi. Wanda ya cire fis ya naɗa wayar tagulla a gurbinsa ya mayar da wayar gidan ta zama fis.

Haɗin da bai ɗauru ba yana da nasa haɗari. Idan wayoyi biyu da aka murɗe da hannu suka yi tsatsa har turjiyar mahaɗar ta kai om 0.5, amfiya 10 za ta haifar da 10 × 10 × 0.5 = wat 50 a wurin da bai fi kan yatsa ba. Wannan ya isa ya narkar da roba ya kama katakon silin, kuma fis ba zai yanke ba tunda kwararar ba ta wuce ƙima ba.

Jikin mutum ma yana da turjiya. Busasshiyar fata tana iya kaiwa om 100,000, jiƙaƙƙiya kuwa tana iya sauka zuwa wajen om 1,000. A bolt 230, ta farko za ta bar miliamfiya 2.3 su wuce, ta biyu miliamfiya 230. Daga wajen miliamfiya 10 zuwa 20 hannu yakan ƙage mutum ya kasa sakin waya, kuma ƙasa da miliamfiya 100 na iya rikita bugun zuciya idan ta ratsa ƙirji. Wannan ne ya sa tsoma hannu a bokitin da hita take ciki, ko taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu ba takalmi, yake kisa. Na'urorin kariya da ake sawa a akwatin wutar gida an saba saita su su yanke idan yoyon wuta ya kai miliamfiya 30.

Inda dokar ba ta aiki kai tsaye

Dokar Ohm ba ta shafi kowane abu ba. Tana aiki sosai a ƙarafa idan zafinsu bai canja ba. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana da turjiya kimanin om 880 idan yana ci, amma idan aka auna shi a kashe za a samu ƙasa da haka sau goma ko fiye, domin zaren da ke cikinsa ya huce. Shi ya sa irin wannan ƙwai ya fi ƙonewa a daidai lokacin da aka kunna shi. Dayod da LED ba su da tsayayyiyar turjiya: ƙarin bolteji kaɗan yakan sa kwarara ta yi tsalle. A 1911 kuma Heike Kamerlingh Onnes na ƙasar Holan ya gano cewa turjiyar ƙarfen makuri tana ɓacewa ɗungum idan aka sanyaya shi zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifili.

Wutar gida tana juya alkibla, zagaye 50 a kowace daƙiƙa a Najeriya. Bolt 230 da ake faɗa matsakaicin ƙima ce ta musamman, ƙololuwarta tana kaiwa kimanin bolt 325. Ga kayan dumama, kamar hita da dutsen guga, ƙa'idojin da aka kawo suna aiki yadda suke. Ga kayan da ke da mota a ciki, kamar firji, injin niƙa mai lantarki da famfon rijiyar burtsatse, ninka bolt da amfiya yana ba da bolt-amfiya ne, ba wat ba. Sai an ƙara ninkawa da wata lamba da ba ta wuce 1 ba, wadda sau da yawa ake ɗauka 0.8. Famfon da ke jan amfiya 5 a bolt 230 yana da bolt-amfiya 1,150, amma wat 920. Hakazalika janareta mai kVA 5 a wannan ƙiyasi kilowat 4 yake bayarwa.

Mota tana da wata ɗabi'a da ta saɓa wa ta hita. Idan bolteji ya sauka kuma nauyin da take juyawa bai ragu ba, sai ta ƙara jan kwarara, naɗin wayarta ya yi zafi. Dalili ke nan da ya sa raunin wuta yake ƙona firji da famfo, alhali dutsen guga dushewa kawai yake yi.

Yadda ake aunawa

Masu gyaran lantarki suna amfani da multimita. Don auna bolteji, ana ɗora tsinkunanta biyu a ɓangarorin abin da ake aunawa, da'irar tana aiki. Don auna kwarara, sai an yanke da'irar an sa mitar a jere, ko a yi amfani da mita mai baki kamar awartaki da ake maƙala wa waya ɗaya. Don auna turjiya, dole a kashe wuta a cire abin daga da'ira. Sa mitar a matsayin auna amfiya sannan a soka ta a soket yana haɗe wayoyin biyu kai tsaye, kuma yakan ƙona mitar ko ya ji wa mai ita rauni.

Kurakuran da ɗalibai suka fi yi

Mantawa da mayar da miliamfiya ko kilowat zuwa ma'aunin asali.
Ninka kwarara da biyu a maimakon ninka ta a kanta a P = I²R.
Amfani da boltejin batir gaba ɗaya wajen lissafin abu ɗaya a haɗin jere, alhali rabonsa kawai yake samu.
Lissafa tsawon waya na zuwa kaɗai ba tare da na dawowa ba.
Rikita wat da yunit.

Duba kuma

Wutar lantarki
Georg Ohm
Wutar sola
Madatsar ruwa ta Kainji
Safana